Shirin Tsofaffin Waƙoƙi a Rediyo: Da Wane Ma'auni Za Ka Jera Goman Farko?

A Kano, da zarar mai gabatarwa ya ce "ga waƙar da ta zo ta ɗaya a 1998", waya za ta fara ƙara. Wani dattijo daga Fagge zai ce a shekarar ya yi aure, kuma waƙar ba ta fito ba sai bayan sunan ɗansa na fari. Wata daga Gwammaja za ta ce muryar da aka sa ba ta wanda aka ambata ba ce, shi dai ya hau waƙar ne a fim. Kafin a je talla, shirin ya koma gardama, kuma sau da yawa masu kiran ne da gaskiya.

Wannan bayani na wanda ke shirin buɗe irin wannan fili ne, ko furodusan tasha ko mai sayen awa ɗaya da kuɗin masu talla, yana so ya riƙa jero waƙoƙin da daga ta goma zuwa ta ɗaya, amma ya rasa da me zai auna. Hanyoyi biyar ne a gabansa: ƙuri'ar masu sauraro, bakin dillalan kaset, laburare da takardu, kwamitin masana, da alƙaluman intanet.

Abin da muka rasa tun farko

Wannan salon shiri daga waje ya zo, kuma a can yana da takardar da ya jingina da ita. A Amurka mujallar Billboard tana fitar da jerin Hot 100 duk mako tun watan Agustan 1958, daga cikinsa kuma Casey Kasem ya riƙa karanto waƙoƙi a shirin American Top 40 da ya fara a Yulin 1970. A Ingila tun Nuwamban 1952 jaridar NME ta fara buga wa shaguna kusan ashirin waya tana tambayar faifan da ya fi tafiya. Don haka in tasha a can ta ce za ta maimaita wani mako na 1983, takarda kawai za ta buɗe. Duk da haka takardar ba ta rasa aibi ba. Kafin 1991 abin da masu shago da tashoshi suka faɗa da baki ake rubutawa, sai da aka fara ƙirga ciniki da na'ura a wurin biyan kuɗi sannan aka gane wasu nau'o'in kiɗa sun fi yadda ake faɗa kasuwa. Kuma har Disamban 1998, waƙar da ba a fitar da ita a faifanta ita kaɗai ba ba ta shiga Hot 100, ko da duk tashoshi na sa ta dare da rana.

Mu nan ko wannan mai aibin ba mu gada ba. Jerin TurnTable na Najeriya a 2020 ya fara, ba abin da zai gaya maka game da 1985 ko 2003. A zamanin kaset, mai shago na sayen uwar kaset ɗaya ya yi ta kwafa wa mutane a kan fanko, ba rasit, ba lissafin da wani zai zo ya duba. Saboda haka duk jerin da za ka karanta wa Kanawa sake ginawa ne. Wannan ba laifi ba ne, matuƙar ka faɗa musu haka.

Aiki biyu ne kuma, waɗanda ake yawan cakuɗa su. Na farko gaskiyar bayani: wace shekara, muryar wa, wane ɗauka. Na biyu matsayi: wace ta fi wace. Hanyar da ta ƙware a ɗaya tana iya zama gurguwa a ɗayan.

Ma'aunai biyar

Daidaito shi ne gaba da komai, a bayani da kuma a matsayi. Sai kuɗi, wanda a wannan aiki yawancinsa kuɗin mota ne da data da lokacin mutane. Sai ɗorewa: waƙa goma a mako sau 52 gurbi 520 ke nan a shekara, hanyar da za ta ƙare maka a wata na uku ba hanya ba ce. Sai sauƙi, wato ko mutum biyu za su iya riƙe ta duk mako. Na ƙarshe haɗari: maguɗi, haƙƙin mallaka, hukuma, da ɓata wa wani ɓangare na masu sauraro rai.

1. Ƙuri'ar masu sauraro

Ita ce kowa ke fara tunani, don ba ta cin komai sai layin waya da data, kuma masu talla suna son jin waya na ƙara. Tana ɗorewa, tunda jama'a ba sa ƙarewa.

Amma ka san abin da take aunawa: abin da mutane ke so yau, ba abin da ya yi tashe a lokacinsa ba. Tsohuwar waƙa in ta sake tasowa a TikTok makon jiya, za ta danne wadda ta cika gari wata shida a zamaninta. Sannan su wa ke kira? Mafi yawa 'yan kullum ne, waɗanda duk tashoshi sun san muryarsu, da matasan da ba a haife su ba lokacin da waƙar ta fito. Matan gida, waɗanda rediyo ke kunne a tsakar gidansu tun safe, ba kasafai suke bin layin kira ba. Ga kuma ƙungiyoyin masoya mawaƙan da ke raye, waɗanda saƙo ɗaya a zaurensu na WhatsApp ya isa su yi wa ƙuri'a ambaliya. Mawaƙin da ya rasu shekara talatin ba shi da wannan runduna.

In za ka bi ta, kada ka buɗe ƙofa ka ce kowa ya faɗi son ransa. Kai za ka fitar da waƙa 12 zuwa 20 da ka riga ka tantance shekararsu da mawaƙansu, ka ɗanɗana wa mutane daƙiƙa 20 daga kowace a ƙarshen shiri, su zaɓa daga ciki. Ƙuri'ar cikin WhatsApp ba ta ɗaukar fiye da zaɓi 12, don haka in sun fi haka sai saƙon tes. Lamba ɗaya ƙuri'a ɗaya, a rufe kwana biyu kafin shiri, mutum biyu su ƙirga, a ajiye lissafin. Wanda ke da layi huɗu zai jefa huɗu, wannan ba ka da maganinsa. Abin da kake da maganinsa shi ne lambobi masu bin juna da suka shigo cikin minti ɗaya da kalmomi iri ɗaya: a ƙirga su ɗaya.

2. Bakin dillalan kaset da masu tura waƙa

In ana maganar waƙoƙin fim da na fiyano, daga 1990 da aka fara finafinan bidiyo na Hausa a Kano har zuwa lokacin da waya ta kashe kasuwar faifai, babu wanda ya san abin da ya yi tafiya kamar mutanen da suka sayar da shi. Dillalan Ƙofar Wambai da na Bata sun san kaset ɗin da aka yi wa layi da wanda ya kwana a kanta har ƙura ta rufe shi. Bayansu kuma akwai masu tura waƙa a memori, irin na kasuwar waya ta Farm Centre da bakin titunan unguwanni, waɗanda suka san abin da ake cewa "sa min" sau hamsin a yini. A wajen matsayi, wannan hanya ta fi kowace kusa da gaskiya, domin hannun da ya karɓi kuɗi ba ya mantuwa da wuri.

Rauninta shekara. In ka tambayi dillali wace shekara waƙa ta fito, zai ba ka lamba don kada ya ba ka kunya, kuma tana iya kaucewa da shekara biyu ko uku. Kada ka tambayi lamba. Ka ɗaure tambayar da abin da ba ya mantuwa: kafin rasuwar Abacha ne a Yunin 1998 ko bayanta? An yi gasar ƙwallon matasa ta duniya ta 1999 da Kano ta karɓi wasu wasanninta? An ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000? Wayar salula ta shigo, wadda ta zo a 2001? Ga ɗan kasuwa kuwa babu ma'auni kamar takardar kuɗi: naira ɗari ta fito a Disamban 1999, ɗari biyu a Nuwamban 2000, ɗari biyar a Afrilun 2001, dubu ɗaya a Oktoban 2005. "Da wace takarda ake biyanka lokacin?" tambaya ce da ke buɗe ƙwaƙwalwa fiye da "wace shekara?"

A kula da Sallah. Manyan finafinai da Sallah ake sakinsu, don haka za ka yi ta jin "da Ƙaramar Sallah ya fito". To shekarar 2000 Ƙaramar Sallah biyu ta gani, ɗaya a farkon Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba. Wanda ya ce "Sallar 2000" sai ka ƙara tambayarsa wacce, in ba haka ba kusan shekara guda za ka kauce, kuma wannan na cikin dalilan da ake ta jayayya kan waƙoƙin wannan tsakani.

Ka zauna da aƙalla mutum biyar, kowa shi kaɗai. In ka tara su wuri ɗaya, babba zai yi magana sauran su ce haka ne. Ka bambanta cinikin sari da na ɗai-ɗai, domin babban dillali yana loda kaya zuwa Nijar da Gana da Kamaru, abin da ya fi fita a hannunsa ba lallai shi ne Kano ta fi saurare ba. Kuma wanda shi ya raba wani fim, dole ya ga waƙarsa ta fi ta kowa. Abin da mutum uku cikin biyar suka ambata ba tare da ka tuna musu ba, shi ne abin riƙewa.

Kuɗinta matsakaici ne: mota, ɗan abin goro, da kwanaki a kasuwa. Wahalarta a farko take. Haɗarinta shi ne lokaci, domin da yawa sun bar sana'ar, wasu sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Ka naɗi hirar da izininsu, ka ajiye. Muryar dillali tana ba da labarin ranar da kaya suka ƙare kafin azahar ta fi duk abin da mai gabatarwa zai faɗa daɗi a iska.

3. Laburare da takardu

Nan gaskiyar bayani take. Tsofaffin tashoshin gwamnati, irin Rediyon Kaduna da aka kafa a 1962 da Rediyon Kano, su suka naɗi makaɗan gargajiya da yawa. Tashoshi masu zaman kansu kuwa sai bayan dokar 1992 da ta kafa NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, aka ba su dama, kuma a Kano sai 2003 Freedom Radio ta fara, don haka kada ka nemi takardar 1988 a tashar da ba a haifa ba. Akwai bangon faifan garmaho na kamfanoni irin EMI, wanda galibi ke ɗauke da shekara. Akwai mujallar Fim da ta fara fita a Maris 1999, tallace-tallacen cikinta kaɗai sun isa su nuna watan da fim ya shiga kasuwa. Akwai takardar shaidar tacewa, ta hukumar tarayya da aka kafa a 1993 da ta Jihar Kano da aka kafa a 2001. A Jami'ar Bayero kuma akwai aikin shekaru na tattara waƙoƙin baka, musamman na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, da kundayen ɗalibai masu tarihin mawaƙa ɗaya bayan ɗaya.

Tarko uku ne a nan. Na ɗaya, kwanan watan da ke jikin kwalin tef yana iya zama ranar da aka kwafe shi daga wani tsohon tef, ba ranar ɗauka ba. Na biyu, makaɗin fada yana iya shekara goma yana rera waƙa a gaban ubangidansa kafin wani ya kawo na'ura, don haka shekarar faifai ba ita ce shekarar waƙa ba. Na uku, kuma mafi girma, waƙar baka ba ta da ɗauka ɗaya. Bakandamiyar Mamman Shata, wanda ya rasu a Yunin 1999, an naɗe ta sau da yawa a wurare daban-daban, kowace da ɗiyanta, wato baitocinta, da tsawonta. In ka ce "ta 1975" ka sa wani ɗauka daban, masu kunne za su kama ka. Abin da ya dace ka ce shi ne "ɗaukar gidan rediyo" ko "ɗaukar faifai", in ka san wurin ka faɗa.

A waƙoƙin fim kuwa, sunan mawaƙi ne ke ɓacewa. Jarumi ne ke motsa baki, jama'a suka san waƙar da sunansa, wanda ya rera ta a situdiyo kuwa sai a rubutun ƙarshen fim, in ma an sa. Ka kalli ƙarshen fim ɗin, ko ka nemi mai kiɗan fiyanon da ya buga ta. Faɗar sunan mai muryar haƙƙinsa ne, musamman mata mawaƙa da aka daɗe ana jin muryarsu ba a san su ba.

A wajen matsayi, takarda ba ta da ƙarfi sosai. Takardar shirye-shirye tana nuna abin da tasha ta sa ne, abin da tasha ta sa kuma ya danganta da abin da ke laburarenta da abin da manya suka yarda. Faifan da aka rubuta wa NTBB, wato kada a sa shi a iska, yana iya zama shi ne ya cika tashar mota. In ka yi sa'ar samun tsofaffin katunan zaɓe, irin na shirye-shiryen zaɓi-sonka, to su ne mafi kusa da ƙuri'ar wancan zamani, sai dai 'yan kulob ɗin gaisuwa ne suka fi aika su.

Ita ce mafi tsada da cin lokaci. Kaset mai minti 90, minti 90 zai ci kafin ya shiga kwamfuta, ban da yanka da rubuta suna. Ka goge kan injin da auduga da sifirit bayan kowane kaset biyu ko uku, domin ƙurar hunturu da garin tsohon tef suna toshe shi, sauti ya dushe. In ɗan soson da ke danna tef ya faɗi, a sauya wa tef ɗin gida. A duba gudun injin: ƙa'ida santimita 4.76 ne a daƙiƙa, in injin ya yi sauri da 'yan kaso kaɗan cikin ɗari, muryar dattijo sai ta koma ta saurayi, kalangu ya riƙa gudu kamar ana korarsa. A ajiye a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, wanda ke cin kusan megabait goma a minti, a wuri biyu daban. Amma in ka yi wannan aiki sau ɗaya, ya zama jari: shekara goma kana ci.

4. Kwamitin masana

Ga waƙoƙin kafin zamanin fim, inda ba dillali mai lissafi kuma ba ƙuri'a, wannan ce hanyar da ta rage. Mutum bakwai sun isa: tsohon ma'aikacin rediyo, malamin jami'a, makaɗi ko ɗan amshi, tsohon mai shagon kaset, direba ko tela wanda ya yi rayuwarsa da rediyo a kunne, da mata biyu aƙalla. Maganar matan ba ta cika gurbi ba ce. Kwamitin maza zalla zai cika jeri da waƙoƙin fada da na noma da na dambe, ya manta da amada, alhali a gidajen biki Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, da Uwaliya Mai Amada sun riƙe mata shekaru masu yawa.

Kowa ya rubuta gomansa a ɓoye. Ta ɗaya maki 10, ta goma maki 1. A kowace waƙa a cire maki mafi girma da mafi ƙanƙanta kafin a tara, don kada son mutum ɗaya ko ƙinsa ya juya jeri. In an yi kunnen doki, wadda ta fito a takardun mutane da yawa ita ce gaba. Wanda ke da hannu a wata waƙa, ko ta ubangidansa ce, ya janye daga ba ta maki. Zama ɗaya a wata uku ya wadatar, a fitar da jerin mako 13 gaba ɗaya.

Aibinta sananne ne: masani yana auna kyau, ba tashe ba. Zai fifita waƙa mai azanci da zurfin Hausa a kan wadda yara suka yi ta rerawa a lungu. Dole a rubuta musu tambayar a saman takarda: "wace aka fi ji a gari", ba "wace ta fi kyau" ba. Kuɗin zama da abinci da mota su ne tsadarta. Haɗarinta kaɗan ne in an bayyana wa jama'a cewa zaɓin kwamiti ne.

5. Alƙaluman intanet

Ita ce mafi sauƙi, kuma ga tsohuwar waƙa ita ce mafi ruɗi. YouTube a 2005 aka kafa shi, ranar da ke ƙarƙashin bidiyo kuma ranar ɗorawa ce, ba ranar fitowa ba. Waƙa ɗaya tana iya kasancewa a shafi goma, masu kallo sun rarrabu, an ba ta suna uku, an jingina ta ga mawaƙa biyu. Masu kallon daga Yamai suke da Kumasi da Jidda, ba Kano kaɗai ba, kuma ana sayen kallo da kuɗi. Shekarun da waƙa ke yawo ta bulutut da memori daga waya zuwa waya ba su bar sawu ko ɗaya a intanet ba. Sautin ma sau da yawa an matse shi, ko mai shafi ya buga sunansa a tsakiyar amshi. Tana da amfani ga waƙoƙin shekaru goman nan da mawaƙa suka ɗora da kansu a shafukansu na YouTube da Audiomack, sai kuma wajen tuna maka waƙar da ka manta.

| Hanya | Gaskiyar bayani | Gaskiyar matsayi | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Ƙuri'a | Rauni | Son yau kawai | Kaɗan | Sosai | Sosai | Maguɗi |
| Dillalai | Matsakaici | Mafi kyau a zamanin kaset da faifai | Matsakaici | In an naɗi hira | Wuya a farko | Kuskuren shekara |
| Laburare | Mafi kyau | Rauni | Mai yawa | Sosai | Wuya | Kwanan watan kwafi |
| Kwamiti | Mai kyau | Matsakaici | Matsakaici | Mai kyau | Matsakaici | Son ran masana |
| Intanet | Rauni | Sababbi kawai | Kaɗan | Sosai | Sosai | Sunan ƙarya, kallon saye |

Abin da babu hanyar da za ta ɗauke maka

Awa ɗaya ba minti 60 ba ce. In ka cire talla da taken tasha da maganarka, abin da zai rage bai wuce minti 40 zuwa 45 ba, wato kusan minti huɗu ga kowace waƙa. Waƙar fim za ta shiga da ɗan datsi. Waƙar Shata ko ta Ɗanƙwairo kuwa tana iya haura minti goma sha biyar. Ko dai ka rage jerin zuwa biyar, ko ka yanka a ƙarshen ɗa bayan amshi ya sauka. Yanke wa makaɗi magana a tsakiyar ɗa rashin ladabi ne, kuma dattawa ba sa yafe shi.

Sai maganar rukuni. In gaskiya za a bi, abin da Kano ta saurara a shekarun 1980 ya haɗa da waƙoƙin finafinan Indiya da ake gani a silima, daga baya kuma kasuwar kaset ɗin bege ba ƙarama ba ce. Amma jera yabon Manzon Allah (SAW) a lamba ta bakwai, a ƙarƙashin waƙar soyayya, abu ne da ba zai yi wa jama'a daɗi ba, kuma suna da hujja. A ware wa bege filinsa, ba tare da lamba ba. Waƙoƙin siyasa ma sun yi tashe na gaske a shekarun zaɓe, sai dai sa su a jeri tamkar ɗaukar ɓangare ne, kuma dokokin NBC sun fi tsanani a lokacin kamfe. Ka ce tun farko shirinka bai haɗa da su ba. A waƙoƙin fada ka saurari zambo da kyau kafin ka sa, domin jikokin wanda aka yi wa suna nan da rai. Hukumar tace finafinai ta Kano kuma ta sha hana wasu waƙoƙi, a bincika kafin a sa.

Haƙƙin mallaka na tafiya ne da dokar 2022. Sauke waƙa daga intanet bai ba ka izinin watsa ta ba. Ka tambayi tashar a rubuce ko lasisinta na kiɗa, irin wanda ƙungiyar kare haƙƙin mawaƙa ta MCSN ke bayarwa, ya rufe mai sayen fili. Game da karɓar na goro don a sa waƙa kuwa, Amurka ta sha wannan abin kunya a 1959 da 1960 har majalisa ta zauna a kai. Ranar da aka ji mawaƙi ya biya an ɗaga waƙarsa, ranar shirin ya mutu. Mai ɗaukar nauyi ma a rubuta masa a yarjejeniya cewa ba shi da hannu a jeri.

Wace ta dace da kai

In kuɗinka kaɗan ne, ku biyu ne, kuma nishaɗin ƙarshen mako kake nema, ɗauki ƙuri'a a kan jerin da ka tantance. Ka kira shi zaɓin masu sauraro, kada ka taɓa cewa "ita ce ta ɗaya a shekara kaza".

In so kake ka bi shekara-shekara a waƙoƙin fim, daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa wajen 2010, haɗa biyu: dillalai su ba ka matsayi, mujallu da takardun tacewa su ba ka shekara. Wannan ne shirin da ya fi wahala, kuma shi ne wanda Kano ta fi buƙata tun masu labarin suna raye. Ka ba kanka wata biyu na bincike, kada ka shiga iska sai kana da jerin mako takwas a hannu.

In makaɗan gargajiya ne, Shata da Ɗanmaraya Jos da Ɗanƙwairo da tsararrakinsu, kwamiti da laburare. Ka bar maganar shekara ɗaya-ɗaya, ka jera bisa mawaƙi, ko kayan kiɗa, ko zango na shekara goma, waƙa biyar a awa.

In waƙoƙin shekaru goman nan ne, alƙaluman shafukan mawaƙan su fitar maka da ashirin, ƙuri'a ta jera goma.

In kuwa shiri ne na musamman sau ɗaya a shekara, kamar na Sallah ko na cikar tasha shekaru, ko kuma tashar jami'a ce mai ɗalibai da za su iya shiga kasuwa da laburare, to haɗa laburare da dillalai da kwamiti, ka bar wa masu sauraro minti biyar na ƙarshe su kawo gyara. Kowace waƙa ta samu katinta: suna, mai murya, mai kiɗa, fim ko faifai, shekara, da inda aka samo shekarar. Gyaran da aka tabbatar a rubuta shi a katin, a karanta shi a farkon shiri na gaba tare da sunan unguwar wanda ya kawo shi.